Komitin da Balangun Babana Ya Zaunar

A shekarun farko bayan Nasara sun sauke tutarsu, an buɗe wani ɗan biro, wato ofis, a Dakoro, ɗaki guda mai rufin kwano a jikin katangar gidan kumandan, jami'in gwamnati mai mulkin yankin. Aikinsa, kamar yadda aka yi shela a kasuwa, shi ne ya nuna wa 'yan lakkol, wato 'yan makarantar boko, hanyar aiki. Wanda ya gama ƙaramin karatu ya zo a ce masa ga sana'ar da ta dace da shi. Wanda ya kai shiga jami'a kuma a buga masa takardar amincewa ya kai Yamai, daga can a tura shi ƙasar waje, don a lokacin ba mu da jami'a tamu. Aka kawo wani malamin lakkol daga Maraɗi aka damƙa masa biron. Mushe muke ce masa, kamar kowane malami. Siririn mutum ne mai haƙuri, ba ya rabuwa da karabat, ƙyallen nan na Turawa, ɗaure a wuya ko ana zafin da kaji ke buɗe baki.

Kayan biron tebur ne da kujera, sai wani dogon akwatin katako cike da ƙananan littattafai da aka aiko daga Faransa, kowanne yana bayanin sana'a ɗaya. Akwai na matuƙin jirgin ruwa, akwai na shugaban tashar jirgin ƙasa, akwai na mai kunna fitilar bakin teku. Mu kuwa ruwan da muka sani mafi girma shi ne tabkin bayan gari, wanda ke ƙafewa kafin a gama sussukar gero.

Da yake mun samu 'yancin kai, aka ce ba za a sake yanke wa ɗan ƙasa makoma a bayan idon iyayensa ba. Don haka aka ɗora wa biron komitin sa ido, kuma babu takardar da Mushe zai buga wa tampo, wato hatimi, sai komiti ya yarda. Shugaban komitin wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwar hatsi mai kai gero Najeriya ya komo da atamfa. Akwai Ardo daga wajen Azagor mai magana da yawun makiyaya, akwai Sarkin Aska, akwai liman. Sauran dattawa ne da suka zo shan inuwa, aka wayi gari su ma 'yan komiti ne. Ranar kasuwa suke zama, don ranar ce Ardo ke shigowa gari.

Wata da watanni babu yaro ɗaya da ya leƙa biron, amma komiti bai taɓa fashin zama ba. An ce su sa ido, suka sa. Suka sa ido a kan tebur, suka gano ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran, aka yi ta muhawara kafin a yarda a cusa mata tsingaro. Gara ta ci littafin matuƙin jirgin ruwa, liman ya ce gara ta san abin da gari ba ya bukata, aka amince da hukuncinta. Har karabat ɗin Mushe sai da aka tattauna. Ardo ya daɗe yana dubanta, ran nan ya kasa haƙuri ya ce, “Mushe, mu dai abin da anka sa ma igiya ga wuya, shina da turke. Kai ina naka turken?” Mushe ya ce nasa yana Yamai.

Da yara masu satifika, takardar gama ƙaramin karatu, suka fara zuwa, komiti bai sha wahala ba ko kaɗan, don ya riga ya san yadda duniya take: sana'a gado ce. Abin da ya rage kawai a nemo wa kowane gado ɗan'uwansa a cikin aikin zamani. Ɗan wanzami aka tura shi koyon aikin asibiti. Ɗan maƙeri aka ce garaji. Ɗan maroƙi aka ce gidan rediyo, tunda can ma ihu ake yi a yabi manya. Ɗan mai haƙar rijiya aka ce ya tafi aikin ruwa. Mushe yakan ɗaga hannu ya ce ya kamata a tambayi yaron abin da yake so, sai a tambayi yaron, ya duƙar da kai ya ce duk abin da manya suka ce. Haka abin ya yi ta tafiya sumul, har na dawo daga Yamai da takardar bak, ta jarrabawar shiga jami'a, a hannu.

Ni ne na farko da ya zo biron yana neman jami'a, kuma na san abin da nake so. Likitan bisashe nake so in zama. Mahaifina mahauci ne, kakana mahauci ne, a mayanka na buɗe ido. Tun ban kai in ɗaga cinyar sa ba nake tsugunawa ina kallon abin da ke cikin dabba. Mahaifina yakan juya huhu da bakin wuƙa ya nuna mini inda ya daskare, ko ya tsaga hanta tsutsa ta fito, ya girgiza kai ya ce wannan tun bara take ciwo, mai ita bai sani ba. Abin yana cina a rai. Na riƙa tunanin da an ga wannan ciwon tun saniyar tana tsaye, da ba ta iso gare mu da wuri haka ba.

Ni ne kuma ɗan fari a gidanmu, saboda haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. “Yaron ga” yake cewa, ko ina gabansa. Ba ya yabona, ba ya tambayar karatuna a gaban mutane, kuma ko za a yanka shi ba zai je gaban dattawa ya roƙa mini wani abu da bakinsa ba. Da nama yake magana. In ya ji daɗin wani abu da na yi, sai in ga ƙoda a cikin tuwona. Ranar da ya ji komiti zai zauna a kaina, bai ce mini komai ba. Ya zaɓi rago mai kitse, ya gasa shi da kansa, ya yayyanka, ya barbaɗa yaji, ya rufe babban tire da faifai ya aika biro a ce yana gaida manya. A wurinsa wannan ladabi ne kawai. Ba a shiga gaban manya hannu na dukan cinya.

Na zauna a kan tabarma bakin ƙofa, Mushe ya karanta bukatata. Ya kuma yi bayani dalla-dalla cewa ana buɗe makarantun waje bayan damina, takardar nan dole ta isa Yamai kafin lokacin, in ba haka ba a ba wani gurbina. Dattawa suka saurara suna tauna. Sai Ardo ya suɗe yatsunsa ya gyara zama.

“Ɗan wa kuka ce?”

Aka gaya masa.

“Wanda ya aiko naman ga?”

Aka ce shi.

“Allah shi yi mashi albarka, ya iya wuta. Amma ɗan mahauci ba ya duba mani saniya. Mahauci in ya dubi bisa, awonta shika yi. Shina ganin ina cinya, ina ƙirji, ina kitse. Saniya kuwa ta san wanga ido. Ku ba ku sani ba, ku mutanen gari, amma ita ta sani. Ranar da ɗan mahauci ya shigo garke da allura, nonon garken duka ya ɗauke.”

Na buɗe baki zan yi magana, Alhaji ya ɗaga mini hannu. Ya ce abin mai sauƙi ne, a bi ƙa'idar gado kamar kullum. Tunda gidan yaron gidan yanka ne, a tura shi ya koyi fiɗar mutane a asibiti, an ji ana yi a Turai. Ardo ya ce shi ba shi da ja a kan wannan, mutum in an yanka shi ba daidai ba yana iya kai ƙara wurin kumandan, saniya ce ba ta iyawa. Nan take Sarkin Aska ya miƙe har hularsa na zamewa. Ya ce tun kakan kakansa duk wani ƙarfe da zai taɓa fatar ɗan Adam a ƙasar nan, daga kaciya har ƙaho, a hannun gidansu yake, ba a yi mahaucin da zai shigo masa gona ba. Kafin la'asar an rufe mini ƙofar dabba an rufe ta mutum. Wani dattijo daga baya ya tambaya ko a cikin akwati babu littafin likitan itatuwa. Aka ɗaga zama sai kasuwa mai zuwa.

Kasuwa ta zagayo, tire ya zo. Wannan karon har da kilishi. Aka yi ta magana a kan ko saniya tana gane ɗan mahauci da ido ne ko da hanci, aka rabu biyu, aka ɗaga zama. Kasuwa ta gaba tsire ne, aka tattauna ko karatun lakkol yana wanke gado, liman ya ce sai ya duba littattafai. Dattawan inuwa suka ƙaru. Mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa zuwa daga Korahane da Adjekoria suna cewa ai su ma abin ya shafe su. Aka kafa ƙaramin komiti da zai sa ido a kan rabon naman, don an yi ƙorafin cewa na gefen Alhaji sun fi samun tsoka. Gero ya fitar da kai, ya yi bununi, ya fara nuna. Ina tafe a hanya ina duban gonaki, kowace zangarniya da ta sunkuya tana gaya mini damina ta kusa ƙarewa.

Ran nan haƙurina ya ƙare. Na tashi ba a ba ni izini ba, na ce tunda dai saniya ake ta faɗa da bakinta, a tambaye ta mana. Na faɗa ne da fushi, ina jiran a tsawata mini. Sai na ga dattawa suna duban juna suna gyaɗa kai. Alhaji ya ce lalle karatu bai ɓata yaron nan ba. Aka yanke cewa kasuwa mai zuwa Ardo zai kawo saniya, in tsaya a gabanta in miƙa hannu. In ta zo ta shinshina ta tsaya, an amince. In ta juya, shi ke nan. Na dubi Mushe, ya cire tabarau yana gogewa da ƙasan karabat, ya ƙi duba na.

Ranar ta zo, rabin kasuwa ta watse ta taru a ƙofar biro. Mahaifiyata ta sa na yi wanka da sabulu har fatata ta yi fari, Mushe ya ara mini rigarsa don kada a ji ƙanshin gidanmu a jikina. Ardo ya iso da jar saniya, doguwa, mai ƙahoni kamar an ɗaga hannu biyu ana addu'a. Irin shanun nan ne da ba sa yarda da kowa sai mai su. Aka yi da'ira, aka ajiye 'yan komiti a jere a kan tabarmi, ni kuma a tsakiya da hannu a miƙe kamar mai bara. Na yi shekaru ina haddar lissafi da Faransanci, ga ni ina jiran sakamako daga bakin saniya.

Ardo ya saki igiya. Saniya ta dube ni, ta dubi jama'a, ta kaɗa kunne. Ta tako a hankali har na ji hucinta a yatsuna, sai ta wuce ni kamar turmi ne a hanya. Ta nufi Alhaji kai tsaye. Shi kuwa daga rumbunsa ya taso, babbar rigarsa duk ƙurar gero ce da dusa. Ta sa harshe ta lashe masa kafaɗa, ta lashe gemu, ta kama hannun rigar ta fara taunawa. Alhaji yana salati yana ja, tana ja. Da aka raba su ta leƙa taga ta zaro littafin shugaban tashar jirgin ƙasa ta haɗiye.

Jama'a suka yi ta dariya har da masu faɗuwa, amma komiti bai yi ba. Aka koma ciki aka buɗe tire. Wasu suka ce ta shinshina, saboda haka ta yarda. Ardo ya ce ta shinshina amma ba ta tsaya ba. Sarkin Aska, wanda ya daɗe yana jin haushin Alhaji, ya ce magana ta gaskiya saniya ta yi zaɓinta a gaban kowa, Alhaji ne ya kamata a tura karatun likitan bisashe. Liman ya ce hukuncin dabba yana bukatar fassara, fassara kuma ba a yin ta da gaggawa. Aka ɗaga zama.

Da kowa ya watse, Mushe ya riƙe ni ina mayar masa da rigarsa. Ya ja ƙofa, ya rage murya.

“Ka lura da wani abu? Komitin ga, kahin ka zo, ruwan randa kaɗai suka sha a nan. Ranar da sunka buga maka tampo, ranar naman ya ƙare. Ba mugunta ba ce, su kansu ba su san abin da ya zaunar da su ba. Ka hwaɗa ma tsohonka shi bar aiko tiren ga, kasuwa ɗaya tak, ka ga aiki.”

Na kama hanyar gida. Abin dariya ne, amma ni kuka ya so ya ƙwace mini, don na san kowane tire daga ina yake fitowa. Mahaifina ba mai dukiya ba ne. Naman da ya kamata ya sayar ne yake rufewa da faifai, yana ganin yana tura ni gaba, alhali shi ne ya ɗaure ni.

Ba zan iya gaya masa a fuska ba, sai na gaya wa mahaifiyata, ita ta kai masa bayan ya ci abinci. Ina zaure ina jin su. Can ya ce, “Gaisuwa in an soma ta, ba a yanke ta haka nan. In na bari yau, mi za a ce? A ce dama toshiya ce, na ga ba ta ci ba na yi hushi. In ɓata sunana, in ɓata na yaron ga. Muddin ina mahauci, suna zama a kan ɗana, nama na zuwa.” Mahaifiyata ta ce to a bar yaro ya rasa karatun ke nan? Na ji ya ɗauko dutsensa yana wasa wuƙa, abin da yakan yi ke nan in magana ta tsaya masa a wuya.

Kasuwar da ta biyo, an riga an fara yankan gero a gonakin tudu. Mushe ya ce in takardar ba ta bi kamyon gobe, babbar motar da ke zuwa Yamai, ba, kada in ƙara wahalar da kaina. Komiti ya cika maƙil, ana ta duban hanya. Sai ga tire, rufe da faifai kamar kullum, amma a hannun mahaifina da kansa, cikin farar rigarsa ta Juma'a. Bai taɓa taka ƙofar biron ba. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ajiye tiren a gaban Alhaji. Mai rabon nama ya matso yana naɗe hannun riga, ya ɗaga faifai.

Wuƙaƙe ne a ciki. Babbar ta yanka, ƙananan fiɗa, gatarin sara ƙashi, da dutsen wasawa wanda tsakiyarsa ta lotsa tun zamanin kakana. Ya jera su tsaf, kowace tana sheƙi.

“Ranku shi daɗe,” ya ce, idonsa a ƙasa. “Na ji an ce ɗan mahauci ba ya duba saniya. Gaskiya ce, Ardo ya san bisa ya hi ni. To ga su. Liman, kai ne shaida. Wallahi daga yau hannuna ba ya sake riƙe wuƙa bisa dabba, ko yanka ko hiɗa, har in koma ga Allah. Yaron ga ba ɗan mahauci ba ne yanzu. Ku duba mashi abin da za ku duba.”

Na so in tashi in rufe masa baki, amma ya riga ya rantse. Mutumin da bai taɓa ambaton sunana ba ya zo gaban gari ya ajiye sana'ar ubansa da kakansa saboda ni, kuma ko sau ɗaya bai waiwayo inda nake ba.

Ardo ne ya fara motsi. Ya daɗe yana duban wuƙaƙen, ya ce shi ba haka ya nufa ba. Mahaifina ya ce ya sani, amma an riga an faɗa. Ardo ya ce to shi ya janye, yaro ya je ya koyo, in ya komo garkensa ne farkon wanda zai duba. Sarkin Aska ya ce tunda ba mutum za a taɓa ba, shi ba ruwansa. Wani dattijon inuwa da bai fahimci abin da ya faru ba ya tambaya a hankali ko naman yana tafe a baya ne. Da aka ce masa babu, ya lalubi takalminsa. Alhaji ya ce Mushe ya kawo takarda. Abin da ya ci damina guda ana ja, aka gama shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Mushe ya buga tampon da ƙarfin da sai da tsingaron ƙafar tebur ya fashe.

Washegari na hau kamyo, takardar tana cikin rigata a manne da ƙirji. Mahaifina bai raka ni tasha ba, ba a yi wa ɗan fari haka. A cikin guzurina dai na tarar da ƙullin kilishi, ragowar na ƙarshe da ya yi.

A Yamai na sami ofishin da ke tura ɗalibai waje. Wani ma'aikaci mai fara'a ya ji daga inda na fito, ya ce ai ana ta nemana, gurbina yana nan tun ranar da sakamakon bak ya fito, saura kaɗan a ba wani. Na zaro takardar da hannu biyu na miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya.

“Wannan fa?”

Na ce amincewar komitin sa ido ce ta Dakoro.

“Wane komiti?” Ya karanta, ya yi murmushi. “A'a, waɗannan ai shawara kawai suke bayarwa, in sun ga dama. Ba ma tambayarta. Da ka zo tun farkon damina da ka huta.” Ya miƙo mini abata, ya ce in ajiye don tarihi.

Na fita na zauna a gindin wata bishiya har rana ta juya. Ba na jin na taɓa yin fushi irin na ranar, kuma ban san wa zan yi wa ba. Mushe abin da aka gaya masa ya faɗa. Dattawa sun ɗauka da gaske aiki suke yi wa ƙasa. Saniya kuwa dusa ta bi.

Sai da na dawo hutu na farko na samu na gaya wa mahaifina. Na tarar ya koma sayar da igiya a bakin kasuwar shanu, yana tufka yana jerawa, ya zaɓi wurin da zai ba rumfar mahauta baya. Ya rame. Hannuwan nan da na sani kullum da maiƙo sun bushe sun yi kaushi. Na tsuguna gefensa na kwashe labarin Yamai duka na faɗa, na ƙara da cewa na tambayi liman, ya ce rantsuwa irin wannan tana da kaffara, ya ciyar da miskinai ya koma bakin aikinsa. Wuƙaƙen ma suna nan a cikin dogon akwatin biro, komiti yana sa musu ido. Ya ci gaba da murza igiya a cinyarsa.

“Ni ban rantse ma Yamai ba,” ya ce. “Gaban mutanen Dakoro na rantse. Su kuma sun buga abin da sunka ce za su buga.”

Ban sake tayar da maganar ba.

Na gama karatu aka turo ni yankinmu. Ardo ya cika alkawari, garkensa na fara yi wa allura, kuma nono bai ɗauke ba. Biron ya mutu ba a yi masa jana'iza ba, Mushe ya koma aji, komiti ya ci gaba da zama wani ɗan lokaci a kan ruwan randa kafin ya watse.

Layyar farko bayan dawowata, liman ya yanka mana rago ya wuce gidan gaba, aka bar ni da fiɗa. Na rataye ragon a jikin bishiyar tsakar gida na fara. Na san kowace jijiya da sunanta, amma rabona da fiɗa tun ina yaro, hannuna ya manta. Mahaifina yana tsaye kusa da ni, ya haɗa hannuwansa biyu a baya ya riƙe gam. Ina jin numfashinsa yana sauyawa duk sanda wuƙa ta kauce. Da na huda fatar a wajen ciki sai na ga kafaɗarsa ta motsa, yatsunsa na dama suna buɗewa suna rufewa a bayansa. Babu kowa a tsakar gidan sai mu biyu, mata suna ciki, ƙofar zaure a rufe.

Na juya wuƙar na miƙa masa ƙotar. Na ce, “Baba, ba mai gani.”

Ya dubi wuƙar ya daɗe. Sai ya ƙara matse hannuwansa a baya, ya ja da baya kaɗan.

“Ci gaba, likita,” ya ce.

Tun da aka haife ni, ranar ce ya fara kirana da wani abu ba “yaron ga” ba. Na juya na ci gaba da fiɗar, idona ya cika da ruwa har ba na ganin bakin wuƙar, na yi ta huda fatar nan, yana tsaye yana kallo, hannuwansa a baya.